Farfaɗo da Tsohuwar Amfilifayar Sitiriyo da Yi Mata Akwatin Katako: Nazari a Kan Marantz 2270

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake farfaɗo da amfilifayoyin sitiriyo da aka ƙera a Amurka da Japan a shekarun 1970, da yadda ake yi musu akwatin katako. An ɗauki Marantz 2270 a matsayin zakaran gwajin dafi. An nuna abin da tsufa yake ci a cikin na'urar, da jerin aikin da mai gyara yake bi, da kuma dalilin da ya sa akwatin da aka yi don ado yake iya zama ajalin abin da aka sa a cikinsa.

1.0 Gabatarwa

Amfilifaya na'ura ce da take karɓar sigina mai rauni daga allurar faifai ko kaset ko tashar rediyo, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika. Idan aka ce sitiriyo kuwa, ana nufin na'urar tana da hanyoyin sauti biyu, dama da hagu, kowace da sifikarta, ta yadda mai sauraro zai ji kamar makaɗa sun jeru a gabansa. Injiniyan kamfanin EMI na Ingila, Alan Blumlein, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a watan Disamba na 1931, amma faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai a 1958.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa manazarcin Hausa da wannan batu. Abu biyu ne. Na farko, duk wanda yake riƙe da tsofaffin fayafayen waƙoƙi, a gida ko a ɗakin adana kayan tarihi na sashe, yana buƙatar na'urar da za ta fito da abin da ke cikinsu ba tare da ta jirkita shi ba, kuma akasarin na'urorin sauti da ke kasuwa yau ba su da mashigar faifai ko kaɗan. Na biyu, harshen kansa ya adana shaida. Har gobe Bahaushe “akwatin rediyo” da “akwatin talabijin” yake cewa, ko da abin da yake nufi ɗan falle ne da aka maƙala a bango, domin a cikin akwatin katako ya fara ganinsu.

2.0 Zamanin da aka ƙera su

Saul Marantz ya kafa kamfaninsa a New York a 1953, lokacin da ake yin amfilifaya da bawul, wato kwalaben nan masu ɗaukar zafi da haske. A 1964 kamfanin Superscope ya saye shi, daga 1966 kuma aka fara ƙera kayan Marantz a Japan, a masana'antar Standard Radio. Saboda haka 2270, wadda ta fito a 1971, ’yar gida biyu ce: suna da kasuwa na Amurka, hannun da ya haɗa ta na Japan. Tiransisto take amfani da shi, tana ba da wat 70 a kowace hanya, kuma a jikinta akwai rediyon AM da FM da mashigar faifai. An san ta da fuskar alminiyam mai launin azurfa, da allon tashoshi mai shuɗin haske, da wata gargarwa da ake murzawa da yatsa a kwance wajen neman tasha.

A 1974 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata ƙarfin amfilifaya, saboda ƙaryar ta yi yawa. Dokar ta ce a faɗi ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa ba tsayawa, kuma kafin a auna sai an bar ta tana aiki awa guda a kan sulusin ƙarfinta. Ba a banza aka zaɓi sulusi ba, domin a kusa da nan ne irin wannan amfilifaya ta fi tara zafi. Kamfanoni suka ga babu makawa sai sun sa manyan taransifoma da manyan ƙarafan shan zafi. Daga nan gasa ta ɓarke: Pioneer SX-1250 ta zo da wat 160 a 1976, SX-1980 ta zo da wat 270 a 1978, nauyinta kusan kilo 35, Technics SA-1000 kuma ta kai wat 330. Da shekarun 1980 suka shigo, sai baƙar roba da ƙananan guntayen lantarki suka maye gurbin alminiyam da katako. Dalilin da ya sa masu gyara suka fi son na shekarun 1970 shi ne, kayan cikinsu ɗai-ɗai ne, ana ganin kowane da ido, ana iya cire shi a sa wani, kuma kamfanonin sun wallafa littafin gyara mai ɗauke da taswirar wuta da adadin da ya kamata a samu a kowane wuri.

3.0 Abin da tsufa yake ci

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne na farko: mutum ya samo na'urar da ta shekara ashirin a ajiye, ya jona ta da wuta don ya ga ko tana aiki. Idan akwai gajeriyar hanya a ciki, wato wuta ta sami inda za ta zarce ba tare da ta bi ta kayan aiki ba, to a cikin ƙiftawar ido za ta iya ƙone tiransistocin ƙarshe, wani lokaci har da taransifoma, wadda ita ce abin da ya fi wuyar samu. Masu gyara suna da wata dabara mai arha. Suna sa kwan fitila mai zare, na wat 60 zuwa 100, a kan hanyar wutar da za ta shiga na'urar, ta yadda dole wuta ta ratsa kwan kafin ta isa. Idan lafiya lau ne, kwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da manyan kafasitoci suke cika, sannan ya dushe. Idan ya ci gaba da haske, akwai matsala, kuma kwan ya shanye wutar da za ta yi ɓarna. Kwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki, sai mai zare.

Kafasita ita ce ma'ajiyar caji, kuma irin wadda ta fi damun mai gyara ita ce mai ruwa a ciki. Fallayen alminiyam ne guda biyu da takarda jiƙaƙƙiya a tsakaninsu, aka naɗe kamar tabarma, aka sa a gwangwani, aka toshe da roba. Ruwan yana ƙafewa sannu a hankali ta jikin robar, zafi kuma yana hanzarta hakan. Ƙa'idar da masu ƙera ta suke bayarwa ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin salshiyos yana raba tsawon rayuwarta biyu. Alal misali, kafasitar da aka ce za ta yi awa 2,000 a digiri 85, idan tana aiki a digiri 45 za ta yi wajen awa 32,000. Ga mai sauraron awa uku a rana, wannan ya kai wajen shekara 29. Idan zafin cikin na'urar ya hau zuwa digiri 55, sai lissafin ya koma awa 16,000. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai yi hukunci idan aka zo batun akwati. Na'urar da aka ƙera a 1971 ta haura shekara hamsin, saboda haka ko ba a taɓa kunna ta ba robar da ta toshe gwangwanayen ta tsufa. Alamomin su ne gurnani a sifika, da raunin amo mai kauri, da hanya ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi.

A nan akwai haɗari ga rai. Manyan kafasitocin da ke tace wuta suna riƙe caji bayan an zare na'ura daga soket. A amfilifayar bawul irin Dynaco ST-70 ta 1959, wutar ciki ta haura bolt 400. Dole a sauke cajin ta hanyar rizisto, a kuma auna da mita a tabbatar, kafin hannu ya shiga.

Bayan kafasita sai ƙananan tiransistoci. Akwai wasu lambobi da suka yi ƙaurin suna a na'urorin Japan na wannan zamani, musamman 2SC458 da 2SA726, waɗanda da tsufa suke fara tsaki da fashe-fashe kamar ana soya gyaɗa. Galibi da KSC1845 da KSA992 ake maye gurbinsu, sai dai jerin ƙafafunsu ba lallai ya zo ɗaya da na tsofaffin ba, kuma wanda ya dasa su bisa ga kamannin jiki kawai zai ƙone su. Maɓallai da mamurɗan ƙara sauti kuwa tsatsa da ƙura suke tarawa. Sau da yawa abin da mai na'ura ya ɗauka mutuwar hanya ɗaya ce, datti ne kawai a maɓallin da ke kai sauti ga rikoda, kuma maganin feshi na goge mahaɗar wuta ya isa. Haka ma rilen da ke kare sifika, wanda ake jin ƙarar “ƙas” ɗinsa ’yan daƙiƙoƙi bayan an kunna.

Idan an gama sauye-sauye sai saiti, kuma shi ne abin da gaggawa take sa a tsallake. Ana auna wutar da ke tsaye a bakin sifika alhali babu sauti, a daidaita ta ta kusanci sifili, domin idan ta yi yawa tana dafa zaren sifika a hankali. Sannan a daidaita ’yar wutar da tiransistocin ƙarshe suke ci a lokacin da suke zaune. Idan ta yi kaɗan sauti zai yi kaushi a ƙasa-ƙasa, idan ta yi yawa na'ura za ta yi zafi ko ba a sa komai ba. Ana yin wannan bayan na'urar ta ɗumama, da adadin da littafin gyara ya faɗa.

Sashen faifai ya cancanci a tsaya a kansa, tunda shi ne ya fi shafar masu adana waƙoƙi. Allurar faifai tana ba da wuta ’yar mitsitsiya, kamar milibolt 3 zuwa 5, wadda sai an ninka ta kusan sau ɗari. Bugu da ƙari, wajen yanka faifai da gangan ake rage amo mai kauri a ƙara mai siriri, domin layin ya ƙanƙance kuma a danne shuwar faifai. Amfilifaya ce take mayar da kowane matsayinsa bisa ma'aunin RIAA da aka amince da shi a 1954. Idan kayan wannan sashe suka gusa daga adadinsu, abin da zai fito ba shi ne abin da aka ɗauka ba: ganga za ta rame, ko kukuma ta yi tsini fiye da kima. Manazarcin da ya kwafi irin wannan sauti zuwa kwamfuta ya adana kuskure ke nan a matsayin asali. A lura kuma, fayafayen garmaho masu juyi 78 da aka yi kafin 1954 ba su bi wannan ma'auni ba, kowane kamfani da nasa, kuma allurarsu ta fi kauri.

3.1 Nawa za a sauya?

Masu wannan sana'a sun rabu. Wasu suna ganin a cire duk wata kafasita mai ruwa da duk tiransiston da aka sani da ciwo, a huta. Wasu kuma suna cewa a auna kowane abu, a bar wanda bai gaza ba, domin kowane narka dalma yana iya ɗaga siririn layin tagulla daga jikin allo, kuma na'urar da aka sauya mata komai ta zama sabuwa a tsohuwar riga. Muhawarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa tace rubutun ajami: ina iyakar gyaran kuskuren mai kwafi, ina farkon sa wa marubuci magana a baki?

A ganin mai wannan maƙala, kafasita mai ruwa ba ta cikin abin da ake kira asali, domin tun ranar da aka yi ta an san mai ƙarewa ce, kamar tayar mota. A sauya ta, da mai jure digiri 105 idan an samu. Amma taransifoma, da tsarin da injiniyoyi suka zana, da sashen kama tashar FM wanda aka saita a masana'anta da kayan awo na musamman, waɗannan a bar su sai in dole. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta duk abin da aka sauya, a ɗauki hoto kafin da bayan aiki, a zuba tsofaffin kayan a leda a ajiye tare da na'urar. Ko fitilun allon tashoshi sun shiga wannan muhawara. Na asali ƙananan kwayaye ne masu siffar fiyus, na bolt 8, kuma zafinsu yana gasa takardar da ke baza haske a bayan allo har ta yi ruwan ƙasa, shuɗin ya koma kore-kore. Fitilun LED ba sa zafi, sai dai masu tsananin shuɗi suna mai da fuskar na'urar kamar allon tallan kanti. Masu farin haske mai ɗumi, da sabuwar takarda, sun fi kusa da yadda take a 1971.

4.0 Akwatin katako

Marantz 2270 da murfin ƙarfe take zuwa. Akwatin katakonta, mai lamba WC-22, daban ake sayensa, shi ya sa da yawa daga waɗanda suka rage ba su da shi, kuma shi ya sa kafintoci a Amurka da Turai suke yin sababbi har yau. Ana kwance ƙafafun na'urar, a zura ta ta gaba, a ɗaure ta da sukurori ta ƙasa, fuskar alminiyam ta zauna a bakin akwatin kamar hoto a firam.

Wanda ya ga irin wannan akwati zai ɗauka gundumen katakon walnot ne. Ba haka ba ne. Allo ne na filawud ko na matsattsen garin katako, aka lulluɓe shi da fallen walnot wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ana iya zaton rowa ce ta kamfani, kuma lallai akwai batun kuɗi, amma akwai dalilin da ya fi wannan. Katako yana shan danshin iska yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, a tsawonsa kusan ba ya yi. Walnot da aka tsaga a kwance yana motsa kimanin kashi 0.27 cikin ɗari na faɗinsa a duk sauyin kashi ɗaya na danshin jikinsa. Filawud kuwa fallaye ne da aka giciye aka manne, kowane yana riƙe ɗan'uwansa, saboda haka ba ya motsi sosai. Na'urar da ke ciki ƙarfe ce, ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Idan aka ɗaure gundumen katako a jikinta da sukurori huɗu, ɗayan biyu ne: ko ya tsage, ko kusurwoyinsa su buɗe. Wanda ya nace sai gundumen katako, to ya tsawaita ramukan sukurori ta fuskar gaba da baya, domin katakon ya sami wurin numfashi.

Gwanintar kafinta a kusurwa take bayyana. Ana yanka saman akwatin da gefunansa biyu daga falle guda, a yanke bakinsu a karkace digiri 45, ta yadda idan an haɗa zanen katakon zai gangaro daga sama zuwa gefe bai yanke ba. Gyaran tsohon akwati kuma haƙuri yake so fiye da ƙarfi. Inda falle ya kumbura, sau da yawa dutsen guga mai matsakaicin zafi da ƙyalle a tsakani yana mayar da shi, in ya ƙi a tsaga shi kaɗan ta bin zane a tura gam. Baƙin tabon da gindin kofi ya bari ana cire shi da sinadarin okzalik. Samfefa da hannu ake bi, ta bin zane, domin injin gurza yana ratsa fallen a cikin daƙiƙoƙi, musamman a baki-baki, kuma abin da ya ratse ba ya gyaruwa. Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne walnot haske yake yi da tsufa, ba duhu ba, don haka sabon faci ya fi tsohon jiki duhu. Man katako irin na linsid ko tung ya fi dacewa da kamannin wancan zamani fiye da banish mai ƙyalli. Sai dai tsumman da aka shafa linsid da shi, idan aka dunƙule aka jefar, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

4.1 Zafi da kariya

Irin wannan amfilifaya, ko a lissafin takarda, ba ta iya mayar da fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na wutar da ta ci zuwa sifika, a aikace kuma abin bai kai haka ba. Sauran duk zafi ne. Katako kuwa bargo ne: ƙarfe ya fi shi wuce da zafi sau ɗaruruwa. Shi ya sa akwatin asali yake da raga a sama, daidai kan inda zafi yake tashi, da mashigar iska a ƙasa, bayansa kuma a buɗe. Kafintan da ya ga ragar ta ɓata masa kyan falle ya toshe ta, ko ya rage tsawon ƙafafu har iska ta kasa shiga ta ƙasa, ya ƙara zafin ciki. Idan ƙarin ya kai digiri 10, to bisa lissafin da ya gabata ya raba rayuwar sababbin kafasitocin biyu, bayan an kashe kuɗi da kwanaki wajen sa su.

Akwai masu cire murfin ƙarfe kafin su zura na'ura a akwati, don iska ta fi zagayawa. Wannan yana rage zafi, amma katako ba ya tare kutsen igiyoyin lantarki, kuma sashen faifai, mai ninka ƙaramin sigina sau ɗari, zai ninka gurnanin da ya tsinta tare da waƙar. Ƙari a kan haka murfin ƙarfe shi ne shinge tsakanin tartsatsi da busasshen katako. Barin murfin ya fi, a faɗaɗa ragar sama ta dace da ramukansa.

5.0 Idan na'urar ta iso nan

Kayan gwanjo daga Amurka da Japan suna shigowa kasuwanninmu, kuma a cikinsu akan tsinci irin waɗannan. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce mai juyi 60 a daƙiƙa, ta Japan bolt 100, ta Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 240 mai juyi 50. Wasu an yi su da maɓallin zaɓen wuta, wasu babu, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a bayan na'ura kafin komai. Mai bolt 120 tana buƙatar taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da na'urar take ci, kuma ko da an yi haka taransifomar cikinta za ta fi ɗumi a juyi 50. Rediyon FM ɗinta ma an saita shi a kan ma'aunin Amurka na mikrosakan 75, alhali tashoshinmu 50 suke bi kamar Turai, shi ya sa sautin yakan fito a ɗan dushe har sai an sauya ƙananan kafasitocin wannan sashe.

Katako ma yana fuskantar abin da bai saba ba. A iska mai danshi kashi 20 cikin ɗari, irin ta hunturu a Kano ko Zinder, danshin jikin katako yana sauka ƙasa da kashi 5. A iska mai kashi 80, irin ta tsakiyar damina, yana kai wa kashi 16. Gundumen walnot mai faɗin santimita 36 zai iya motsa kusan santimita guda tsakanin Janairu da Agusta. Maɗaci, wanda dangin mahogani ne, ya fi shi natsuwa kuma yana karɓar mai da kyau. Maɗobiya ta fi kyan zane, amma tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido saboda yawan sara. Ko wanne aka zaɓa, a bar shi ya yi makonni a ɗakin da na'urar za ta zauna kafin a sa masa zarto, a kuma shafa masa mai ciki da waje daidai-wa-daida, domin allon da fuska ɗaya kawai aka shafa ta ɗaya gefen yake shan danshi ya lanƙwashe. Bayan an haɗa, a sa ma'aunin zafi a bakin raga, a kunna na'urar awa guda a waje da akwati, awa guda a ciki, a kwatanta.